Gilashi Ba Ya Jure Mota

Zuwa ga Baba,

Assalamu alaikum. Ina gaida ka da kyau. Ya sabon gari, ya sabon shago?

Ga wani abu nan cikin kwali, don Allah kada ka yi dariya. A makaranta aka koya mana yin takarda da ɓawon itace, ni kuma na yi hoton ɗakin aikinka a kai. Teburin, da ɓarɓashin katako na yi shi, wanda na share a lungu bayan kun rabu da Umma ka kwashe kayanka. Labulen kuwa aljihun tsohuwar rigarka ne. Ban sa mutum a ciki ba, ban iya fuska ba.

Ka yi masa firam. Mai gilashi, Baba. Lallai mai gilashi.

Ka huta lafiya,
Autarka

*

Auta,

Wa alaikumus salam. Ashe hannun nan ya iya wani abu ban da juya shafin littattafan soyayya! Aiki ya yi kyau, Allah ya yi albarka.

Takardar ɓawo numfashi take yi: da damina ta kumbura, da rani ta tsuke. In aka shafe bayanta da gam, yagewa za ta yi. Shi ya sa daga sama kawai na liƙa ta a kwali, gefunan kuma ban datse ba, na bar su da gashinsu. Gilashi dai ban sa ba. Zai danne miki tudun aikin, ga shi ba ya jure mota. A haka direba zai kawo miki shi lafiya lau.

Ki gaida Ummanki.
Babanki

*

Baba,

Bayan gaisuwa, ya iso lafiya lau, kamar yadda ka ce.

Na san ka ce direba, amma duk da haka sabon takalmina na sa na tafi tasha. Na tsaya har motar ta zama wayam. A littattafan da kake yi wa dariya, wanda ake jira shi ne yake saukowa a ƙarshe. Direban ya miƙo mini kwali ya ce, “Ke ce 'yar mai firam? Ɗago kai mana, ba na cizo.” Na karɓa na juyo gida.

A ƙasa na jingine shi, babu mai buga mini ƙusa. Daga ni sai ƙadangaren taga muka gan shi. Ƙura har ta fara taruwa cikin aljihun.

Ga shi nan na mayar maka. Na san gilashi ba ya jure mota, Baba. Tun farko na sani.

Sai na ji daga gare ka,
Auta

*

Autata,

Ina gaisuwa. Babanki ya iya katako, karatun wasiƙa ne bai iya ba.

Na zurfafa firam ɗin, gilashi ya zauna bai taɓa komai ba. Marar kauri na sa, sai dai a rungume shi a cinya.

Ki tambayi Ummanki: in miƙo miki daga bakin ƙofa, ko in shigo in buga ƙusar?

Allah ya bar mini ke,
Babanki