Butik ɗin da ke kallon tasha

Tasawa, 12 ga watan Mayu

Zuwa ga ƙanwata Biba, a Abijan.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta iske ki lafiya, ke da maigidanki Isufu da yara. Mu nan alhamdu lillahi, sai zafi, ana ta sharar gonaki ana jiran ruwa. Inna ta ji sauƙin tarinta, har ta koma yi mini faɗa wai ba na cin abinci. Na zaɓi rubutu ne don in na yi miki saƙon murya duk gidanki sai sun ji, maganar kuwa ba ta kunnen yara ba ce.

Kin tambaye ni labarin butik, wato shagon nan nawa. Biba, na gaji. Kin san shekara goma sha tara ina ɗaukar jaka gida-gida, daga unguwannin Tasawa har Korgom da Mayahi, da rigunan nono da kamfai da shimi da kayan barci. Ban taɓa tambayar mace lambar kayan da take sawa ba. In dube ta sau ɗaya, in sa hannu a jaka, ta shige bayan labule ta gwada, ta fito tana dariya. Da gwiwata ta fara kumbura, likita ya ce in ina son in tsufa da ƙafata in bar yawo da hawan moton 'yan kabu-kabu, ke kika ce in kama shago in zauna kamar matan Abijan. Wallahi na ji daɗin shawarar. Har kika aiko da mutum-mutumin roba guda biyu, na sa musu kaya na tsayar da su bayan gilashi.

Ni da na san matan garin nan kamar yunwar cikina, sai ga shi ban kula ƙofar tana kallon tasha ba. 'Yan kabu-kabu da mai shayi suna nan wuni guda, duk wadda ta shiga a kan idonsu. Wace matar aure ce za ta ratsa gaban abokan mijinta ta shiga inda aka rataye kamfai? Satin farko maza ne suka cika gaban gilashi suna nuni suna ƙyaƙyata dariya, har liman ya aiko a ce in rufa wa robobin asiri. Na zura musu hijabi, ga su nan tsaye kamar masu zuwa ta'aziyya. Masu haɗa lefe kaɗai ke leƙowa, su ma a gurguje. Sauran ranaku ni da ƙudaje ne. Gwiwa dai ta sabe, wannan ba zan ɓoye ba, wata huɗu ke nan ban nemi magani ba.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami ya faru ne ran kasuwa. Akwai wata baiwar Allah a wajen Korgom, ba zan faɗi sunanta ba ko a gare ki. Shekara uku da suka wuce aka yi mata aiki a Maraɗi aka cire nono ɗaya. Ban da mijinta, ni kaɗai na sani. Ni ke ɗinka mata 'yar auduga a gefe guda na rigar nonon, in daidaita mata a ɗakinta, ta shiga biki ba wanda ya gane. Ran nan na hango ta a tsallaken titi, mayafi biyu cikin wannan zafi, ta rungume hannu a ƙirji. Sau uku tana wucewa. Na tsallaka na same ta bayan masu albasa. Ta ce wadda na yi mata a baya ta lalace, tun da na daina zuwa ko suna ba ta fita, yau kuma ta zo ta kasa ratsa mazan nan. Sai ta riƙe hannuna ta ce, "Zara'u, in ba ki zo ba, wa zan buɗe wa jikina?"

Na koma butik na ja ƙofa na yi kukana. Don haka kada ki aiko da roba ta uku da kika ce. Na gaya wa mai shago ƙarshen wata zan mayar masa da makullinsa. Na san abin da likita zai ce, na san abin da za ki ce, kuma duk kuna da gaskiya, sai dai ba ku ga fuskarta ba. Jibi zan hau moto zuwa Korgom, na riga na yanke audugar.

Ki gaida Isufu, ki shafa mini kan Sumaiya da Huda. Inna tana gaishe ki. In kin kira ta, don Allah kada ki ɗauko batun gwiwa, na ce mata na warke sarai.

Yayarki,
Zara'u