Auta Ta Nuna Ja

Litinin, 3 ga Maris

An sa wa Inna rana. Sha bakwai ga wata za a cire mata yanar ido. Ido ɗaya ya rage mata, ɗayan ya mutu tun ina 'yar firamare, kuma ta kafe ba mai taɓa wannan sai mijina. Na ce mata likitoci ba su cika son yi wa na gida aiki ba. Ta ce, "Shekara nawa yana buɗe wa bare ido? Ni ce ba zan ci albarkacin surukina ba?" Shi kuwa Likita daɗi kamar ya kashe shi, sai wani sunkuyar da kai yake wai shi mai kunya. Ni ma hankalina ya kwanta, gaskiya. Duk tsiyarsa a gida, a ɗakin tiyata ba a ja da hannunsa.

Laraba, 5 ga Maris

Ya sake goga mota da ƙofar gareji, ɓangaren hagu. Wai ni na matsar da tukunyar fulawa. Tukunyar da ko ɗaga ta ba na iyawa.

Alhamis, 6 ga Maris

Yau sabuwar Auta ta iso, gidan ya zama kamar an yi haihuwa.

Ni na raɗa mata Auta don haushi, sunan kuma ya bi ta har asibiti. A bangon falo akwai takardu uku cikin gilashi, shaidar cewa shi ya ƙirƙiro abubuwa uku, ba mai kwaikwayonsu sai da izininsa. Ta farko wata 'yar ƙugiya ce ta ɗaga yana, ta biyu fitilar da likita ke ɗaurawa a goshi, ta uku Auta, na'urar gwada ido. Ƙasashe biyu ya je karatu, ya kusa shekara talatin yana tiyata, amma ka tambaye shi me ya yi a duniya, Auta zai fara ambata kafin 'ya'yan da na haifa masa. Ranar sunan ɗanmu na biyu yana ɗakin baya da Injiniyan da ke ƙera masa ita suna kwance ta. Ban manta ba.

Tsohuwar kamar tocila take. Ka kanga ta a ido ɗaya, ka rufe ɗayan, 'yan fitilu su riƙa ƙiftawa ta gefe-gefe, duk wadda ka gani ka danna maɓalli. In ta gama ta nuna kore, lafiya ke nan. In ta nuna ja, hawan jinin ido ya fara cin gani ta gefe, ciwon da yake kira ɓarawo don ba ya zafi, ba ya sallama. Sabuwar kuwa kamar tabarau take, ita da kanta take gwada ido biyun ɗaya bayan ɗaya.

Injiniya ya buɗe kwali a kan teburin cin abinci. Likita ya ce shi zai fara, kamar kullum. Ya saka, ya danna, ya danna, yana murmushi. Dama kore. Hagu ja.

Ya yi dariya ya ce an fara. Ya sake. Ja. Injiniya ya ce, "Ranka ya daɗe, mun gwada ta a kan mutane da yawa kafin mu kawo." Likita ya ce, "To ku koma ku sake, ta lalace a hanya."

Na tsaya da tire a hannu baki buɗe. Tunda nake da mutumin nan ban taɓa jin ya ce Auta ta yi kuskure ba. Ya taɓa daina gaisawa da abokinsa na makaranta don kawai ya ce tana da jinkiri.

Asabar, 8 ga Maris

Ya hana a tafi da ita. Ya wuni a ɗakin baya da sukuddireba da madubi, ya kwance, ya ɗaura, ya gwada. Daga kicin ina jin ƙarar da take yi in ta nuna ja, wani ɗan kuka kamar na ɗan tsako. Abincin rana ya huce a ƙofa.

Lahadi, 9 ga Maris

Da ya fita gaisuwar mara lafiya na shiga ɗakin na saka ta. Abin da na rantse ba zan taɓa ɗora wa fuskata ba. Kore, kore. Na kira maƙwabciya na ce ta zo ta ga abin mamaki. Kore. Mijinta ma da ya biyo sahu, kore.

Na mayar da ita yadda na same ta, na zauna a bakin gado. Sai abubuwa suka riƙa dawo min. Garejin. Shayin da ya zuba a gefen kofi ran nan ya ce kofin ne ya yi ƙanƙanta. Ranar da na tsaya a bakin titi ina ɗaga masa hannu ya wuce ni, na yi kwana biyu ba na masa magana, ashe ta hagunsa nake.

Amma ta yaya? Mutumin da ke gwada Auta a idonsa gaban ɗalibai kusan kowane mako?

Talata, 11 ga Maris

Na gano, kuma da ma ban gano ba.

Ina goge hotunan falo, sai na tsaya a kan na ranar da aka karrama shi. Auta a hannun dama, kange a idon dama, hagu a rufe. Na duba na taron likitoci, haka. Na jaridar da muka yanke muka ajiye, haka. Na buɗe waya na bi bidiyonsa ɗaya bayan ɗaya. Hannun dama, idon dama, hannun hagu yana nuna wa mutane maɓalli. Kullum. Tun ranar da ya ƙirƙiro ta bai taɓa kanga ta a idonsa na hagu ba, saboda ba gwaji yake ba, nunawa yake. Ta nuna kore a yi tafi, ya ce kun gani. Kuma wa zai ce wa babban likitan ido zo a duba ka? Wanzami dai ba ya son jarfa.

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Na fi awa ina maimaita ta da tsumma a hannu.

Ya sha gaya min da bakinsa cewa aikin cire yanar ido ba ya yiwuwa sai da ido biyu, don da su ake gane zurfi a madubin tiyata, kuma tazarar ba ta kai kaurin gashi ba. Idon Inna guda ɗaya.

Laraba, 12 ga Maris

Na kasa. Na buɗe baki sau biyu, na ƙare da tambayarsa ko a ƙara masa sukari.

Alhamis, 13 ga Maris

Na je wajen Inna. Tana zaune tana lissafa abin da za ta fara kallo: fuskar jaririyar ƙanwata, sannan allura, don ta gaji da roƙon a zura mata zare. Ta riƙe hannuna ta ce, "Me ya same ki, hannunki sanyi ƙalau?" Na ce mura. Gaba kura, baya sayaki. In na yi magana na kashe wa mijina aikin da ya fi ƙauna fiye da ni, in na yi shiru na miƙa idon uwata. Tsoro nake ji, tsoro sosai, kuma haushinsa nake ji kamar in shaƙe shi.

Juma'a, 14 ga Maris

Na yi. Bayan la'asar, a falo.

Ban shirya kalmomi ba. Na ce masa na gwada Auta, ni da maƙwabta, lafiyarta lau. Ya ajiye jarida ya ce, "Wa ya ba ki izinin shiga ɗakin?" Na ce idonka na hagu ne. Ya ce, "Ke ce likitan ko ni?" Na ce kai ne, shi ya sa nake mamaki. Na sauko da hoton karramawar na ajiye masa a cinya, na ce ya nuna min hoto ɗaya tak da ya gwada hagu.

Ya kalli hoton ya daɗe. Sannan ya ce injin ne, sabo ne, akwai matsala a wayoyinsa.

Nan bakina ya kuɓuce. Na ce to shi ke nan, in Auta maƙaryaciya ce a sauke takardarta daga bango, a kira duk asibitocin da ke aiki da ita a ce su daina, a nemo mutanen da ta nuna wa ja a ba su haƙuri. Tsohuwar ma ai tana cikin durowa, ɗauko ta. Ɗaya daga cikinku ba shi da lafiya, kai ko ita, ka zaɓa. Amma Litinin ba ka taɓa idon Inna sai ka zaɓa.

Ban taɓa yi masa magana haka ba, ni kaina sai da na tsorata da muryata. Ya ɗauki makullin mota, ya tsaya yana jujjuya shi a hannu, ya mayar ya rataye, ya fita da ƙafa.

Asabar, 15 ga Maris

Ba magana. Ya ci abinci dai.

Lahadi, 16 ga Maris

Da hantsi ya kira ni falo. Tsohuwar Auta tana kan tebur, fitilarta ja ba ta ma mutu ba. Ya ce in zauna a gabansa. Ya sa tafin hannu ya rufe idon dama, ya kalle ni da hagu.

Ya ce, "Ina ganin bakinki da haɓarki. Daga hanci zuwa sama babu." Ya ce, "Ba duhu ba ne, kin gane? Babu ne kawai." Sai ya hau yi min bayani da muryar da yake wa ɗalibai, wai idon dama ne ke cike gurbin, shi ya sa mutum ba ya sani, wai irin wannan ya daɗe yana ci, abin da ya tafi kuma ba ya dawowa. Yana cikin bayanin muryar ta karye. Ban taɓa ganin hawayensa ba, ko ranar da mahaifinsa ya rasu. Na rasa inda zan sa idona, sai na kama goge teburin da ba shi da datti.

Can ya ce, "Ba ta yi ƙarya ba. Tun farko ba ta yi ba." Wallahi har da wani ɗan alfahari a ciki. Mutumin nan.

Shi ya buga wa Ƙaramar Likita waya, ɗalibarsa ta da, wadda yake cewa ta fi shi haƙuri amma ba ta kai shi hannu ba. Na ji yana cewa, "Gobe ke za ki yi. Bayan nan kuma ki duba ni." Can kuma na ji ya ce, "Kina ji na?"

Da yamma muka je wajen Inna. Ya durƙusa ya gaya mata komai, bai rage ba. Na zaci za ta yi kuka ko ta ce ta fasa. Sai ta lalubo kansa ta dafa. Ta ce, "Ikon Allah. Ni ɗaya, kai ɗaya, mu biyu mun haɗa mutum guda ke nan." Sannan ta tambaya, "Yarinyar, kai ka koya mata?" Ya ce e. Ta ce, "To hannunka ne. A yi."

Litinin, 17 ga Maris

An shiga da ita. Ya raka gadon har ƙofar ɗakin tiyata, ƙafarsa ta wuce ciki da kanta, sai ya tuna ya ja baya. Ya tsaya a baranda yana waige-waige. Asibitin da ya yi rabin rayuwarsa a ciki, ashe bai san inda 'yan uwan marasa lafiya ke zama ba. Ni na ja shi zuwa bencin. Ma'aikata na wucewa suna gaishe shi, suna sake waiwayowa. Ya ce min, "Bencin nan ba daɗi." Na ce haka yake tun da.

Ƙaramar Likita ta fito tana cire hula, ta ce an gama lafiya, da ƙugiyarsa ma ta yi aikin. Ya jero mata tambayoyi kamar jarrabawa. Ta amsa duka, sannan ta ce, "Malam, saura kai." Ya bi ta kamar ɗan makaranta.

Talata, 18 ga Maris

An cire wa Inna bandeji. Ta kalle ni ta ce na tsufa. Alhamdulillahi.

Shi kuma an ce na dama ma ya fara, kaɗan, an kama shi da wuri. Maganin ɗigawa safe da yamma har iya rayuwa. Tiyata kuwa ya ajiye. Da bakinsa ya faɗa, a mota, ina tuƙi.

Asabar, 5 ga Afrilu

Na kwana biyu ban rubuta ba, ba wani labari. Yana zuwa asibiti yana duba marasa lafiya, yana koyarwa. An ce yanzu in zai nuna wa ɗalibai Auta, hagu yake fara gwadawa, ya bar ta ta yi kukanta, ya ce su matso su gani. Ni ke ɗiga masa maganin, don babban likitan ido bai iya ɗiga wa kansa ba, rabi a kumatu yake ƙarewa, kuma sai ya ƙifta.

Na kai masa Auta falo daga ɗakin baya, don can akwai danshi, ba don komai ba. Na ɗinka mata 'yar riga da ragowar yadi.

Ɗazu mun taka zuwa gidan Inna. Da muka iso tana ƙofa tana hango mu, ta ce min, "Yaushe kika koma tafiya ta hagunsa? Da can ta dama kike." Na ce ban lura ba, ta can inuwa ta fi. A hanyar dawowa, wajen kwalbatin nan da ya karye, na ɗan taɓa gwiwar hannunsa, ya kauce, muka ci gaba da hirar da muke yi.