Abin da na cire daga jaka

Umma,

Motar makaranta ta zo da wuri, kina kasuwa. Malamarmu ta ce dole mu haye kogi kafin ruwan la'asar, in ba haka ba mai kwalekwale ba zai ɗauke mu ba.

Ki yi haƙuri, na buɗe jakar da kika shirya min. Na ɗora ta a sikelin Abba, kilo goma sha bakwai, alhali goma aka yarda, kuma ni zan goya ta awa huɗu a ƙafa. Bargon yana kan gadonki. Turaren ma na ajiye, ƙudan zuma yake jawowa. Dutsen guga kuwa, Umma, a jikin wace bishiya zan jona shi?

Gidan sauro, maganin zazzaɓi da takalman roba suna ciki, sau biyu na duba.

Babu sabis a dajin sai mun fito ranar Asabar. In kin ji shiru, lafiya ce, kada ki tayar wa shugaban makaranta hankali.

Na ga tsohon mayafinki da kika cusa a ƙasan jakar. Shi ban auna shi ba, yana wuyana.

Autarki