Littafin da Muka Fara Daga Baya

Struthers, Ohio
9 ga Agusta

Yaya Colleen,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da Dwight da wannan karen naku da kuke ji da shi kamar ɗan fari. Ya zafin Arizona? Mu nan kowa lafiya, in ban da ciwon kan da nake fama da shi, wanda ba na asibiti ba ne.

Kada ki yi mamakin ganin wasiƙa a takarda. Na gaji da in zauna in rubuta miki dogon saƙo a waya, ki mayar mini da hoton babban yatsa. Takarda dai ba ta da wurin dannawa, dole ki karanta.

Maganar littafin tarihin Tessa ce. Bana ta cika sha biyar, kuma bana ne za mu yi tarihin Amurka da na zamani. Kin san yadda muke yi tun da na fara koyar da ita a gida. Kowane Satumba mu hau jirgin ruwan Kolombus da ƙarfinmu, kafin mu ankara Mayu ta yi, lambu na jiran shuka, mu kuwa muna tsakiyar Yaƙin Basasa. Sai in rufe littafi in ce baɗi ma ƙarasa. Baɗi in sayo sabo, shi ma daga Kolombus yake farawa. Jiya yarinyar nan ta dube ni ido cikin ido ta ce, "Mama, sau huɗu ina gano Amurka, amma har yau ban ga an ƙera mota ba." Curt ya yi ta dariya har da dukan tebur. Na ce masa tunda shi ne uban yarinyar kuma abin ya ba shi dariya, ga alli nan.

Na aro littattafai uku wurin matan ƙungiyarmu ta masu koyarwa a gida, don in zaɓi ɗaya. Jan na Madam Pruitt ne, kuma a cikinsa ƙasar nan ko kaza ba ta taɓa takawa ba. Shuɗin kuwa in kin karanta sai ki ji kunyar fita ƙofar gida, wai tun da aka kafa ƙasar ba wanda ya taɓa yin abin kirki. Koren ya kai bulo nauyi, kuma marubutansa kamar tsoron ɓata wa wani rai suke yi, sun faɗi komai ba su ce komai ba. Kowace mata ta rantse da nata. Madam Pruitt ta tare ni a harabar coci ta ce in na ɗauki shuɗin na kashe tarbiyyar yarinya da hannuna. Ni da na zo ibada.

Baba ma ya tsoma baki. Tun da ya dawo gidanmu da zama, kujerarsa tana kusa da teburin karatunmu. Duk littafin da na ajiye sai ya ɗauka ya buɗe ta baya, wurin jerin sunaye, ya bi da yatsa yana neman Youngstown, babban garin yankinmu. Ya duba jan ya ture, ya duba shuɗin ya ture. "Ba mu ciki," in ji shi. Sannan ya ce, "Renee, wai yaushe za ku iso wurina ne?" Na ce sai Mayu. Ya ce, "Haka kika ce bara."

Wannan ya tuna, Yaya, amma inda ya ajiye haƙoransa da safe bai tuna ba. Likitarsa ta ce ciwon mantuwar nan abin da ya faru kwanan nan yake fara gogewa, sannan ya yi ta ci yana komawa baya. Ina so Tessa ta ji zamanin kakanta daga bakinsa tun yana iya faɗa. Ina kuma so ki zo ki gan shi. Na gaya miki wannan a waya, yatsan ne ya amsa.

Ki gaishe da Dwight.

Taki ƙanwa,
Renee

Struthers, Ohio
14 ga Satumba

Yaya Colleen,

Bayan gaisuwa da fatan kuna nan ƙalau, saƙonki ya iso. Da na ga mai kawo wasiƙa da ƙunshi a hannu, har raina ya yi fari, na ce ƙila kayanki kika fara aikowa kina tafe. Na buɗe, sai ga littafin tarihi na huɗu. Haba Yaya! Na ce miki ina nutsewa, kin aiko mini da bokitin ruwa. Naki ma ya fi sauran rashin tausayi, don shi tun kafin Kolombus ya fara. Na kuma ga 'yar takardar da kika liƙa, cewa da na kai Tessa makaranta kamar 'ya'yan kowa da ban sha wannan wahala ba. Na gode, shekara tara kenan kina ba ni wannan shawara kuma ba ta tsufa.

Koren na saya. Ba don ya fi kyau ba, sai don Baba ya sami Youngstown a bayansa. Da ya gani ya ɗaga littafin sama kamar ya ci gasa, ya hana kowa taɓawa har aka gama cin abinci. Madam Pruitt ta daina amsa gaisuwata yadda ya kamata, amma ban rame ba.

Sai na zauna na tsara shekara tsaf, na liƙa a bango. Kolombus a Satumba, Yaƙin Basasa kafin Kirsimeti, zamanin Baba a watan Mayu. Na yi wa kaina alkawari bana ko lambu zai bushe sai mun kai.

Ranar da za mu fara, na fito da safe ban ga Baba a kujerarsa ba. Can bakin titi na same shi, ya sa tsofaffin takalmansa na aiki, ya rungumi akwatin abincinsa na ƙarfe, wai yana jiran motar Eddie Novak za su tafi masana'anta. Eddie da muka binne tun ina budurwa, masana'antar da aka rufe fiye da shekara arba'in. Da ƙyar na lallashe shi ya shigo, na ce yau hutu ne. Tessa tana taga tana kallonmu.

Na wanke fuska na dawo tebur na ce ta buɗe babi na ɗaya. Ta buɗe babin ƙarshe. Na ce wasa kike yi? Ta ce, "Mama, Kolombus ba inda za shi. Ya jira shekara ɗari biyar, zai iya ƙara wata tara." Na hau ta da faɗa, na ce tarihi ba a karanta shi ta baya, ta yaya za ki san ƙarshen yaƙi ba ki san abin da ya haddasa shi ba? Ta ce, "Sai in tambaya me ya jawo, mu koma baya mu gani. Kaka ma ai ta baya yake buɗewa." Curt ya ɗauki hularsa ya sulale, matsoraci kawai.

Na yi fushi ƙwarai, kuma har yanzu ban huce ba, don na ɓata makonni ina wannan tsari. Amma na dubi takalman nan a bakin ƙofa, na dubi watan Mayu can ƙasan takardata, sai na ji tsoro ya kama ni. Na cire takardar daga bango. Yanzu baya-baya muke tafiya, kuma ban gaya wa matan ƙungiya ba don ba ni da ƙarfin jin wa'azi.

Kin ce aiki ya yi miki yawa, sai bazara. Ke ma Mayu kenan.

Ƙanwarki,
Renee

Struthers, Ohio
20 ga Nuwamba

Yaya Colleen,

Ina gaishe ki, ina fatan kafaɗar Dwight ta yi sauƙi. Nan sanyi ya sauka, Baba ba ya rabo da bargo, amma yana cin abinci. Na yi masa naɗin kabeji da nama irin na Mama, ya ce gishiri bai ji ba.

Tafiyar baya ta fi ƙarfina. Tessa ta mayar da ni kamar mai laifi a kotu, kowace safiya da tambayarta, me ya jawo wannan, wa ya fara wancan. Koren littafin kuma ba ya son amsa, har sai da na koma na sake aro jan da shuɗin, muka baje su uku muna kallon yadda suke ƙaryata juna. Naki ma ya yi amfani, da shi muke tokare ƙofar ɗakin wanki.

Makon jiya muka iso 1977. Na kira Baba, Tessa ta karanta masa. Layi ɗaya ne, Yaya, cewa a waɗannan shekaru masana'antun ƙarfe sun rufe a garuruwa irin su Youngstown, dubban mutane suka rasa aiki. Baba ya ce ta ci gaba. Ta ce shi ke nan. Ya ce, "Shi ke nan? Uban wa ya rubuta wannan?" Ya buga tebur har kofina ya kife a kan littafin.

Daga nan ya fara, bai tsaya ba sai da rana ta take. Ya ba ta labarin yadda wutar tanderu ke mayar da sararin garin nan ja, da yadda Mama ke shanya fararen zannuwa ta kwashe su baƙaƙe tana tsine wa iska. Ya kira sunayen abokan aikinsa ɗaya bayan ɗaya, har da wanda ke satar masa albasa a akwatin abinci. Ya faɗi Litinin ɗin da aka ce musu an rufe, yadda manyan maza suka tsaya cirko-cirko ba mai kallon wani. Ya ce da ya koma gida ya kasa haɗa ido da Mama, sai ya ɗauke ki, kina 'yar shekara biyu, ya aza ki a wuya ya yi ta yawo da ke a unguwa har kika yi barci kina riƙe da kunnuwansa. Ya ce nauyinki ne ya hana shi faɗuwa a ranar. Kin taɓa jin wannan? Ni ban taɓa ji ba, kuma a gidan na girma.

Tessa ta saki baki tana saurare. Na ce a raina, to ga abin da na sha wahala dominsa, ya samu. Ina goge kofin da ya zube sai Baba ya juyo gare ni cikin ladabi ya ce, "Malama, sannu da ƙoƙari, yarinyar nan tana da kai. Ke 'yar gidan wa ce?"

Na ce masa ni 'yar nan unguwar ce. Na shiga ɗakin wanki na yi kuka na ƙoshi. Tun ranar bai sake kiran sunana ba. Sai daga baya na tuna cewa lokacin da muka bi ta 1980 a littafin, shekarar haihuwata, ya yi maganar komai amma bai ce an haife ni ba.

Ke kuwa kullum sai ya tambaya. "Ina Colleen, ta tashi daga barci?" Haushi nake ji, ba zan ɓoye miki ba. Ni ke yanke masa farce, ni ke neman haƙoransa, amma ke da ke aiko yatsa, ke ce a bakinsa.

Bayan bikin godiya na ƙarshen watan nan za mu shiga 1975, shekarar haihuwarki, daga nan kuma mu wuce. Shi ma hanyar yake bi, kuma ya fi mu sauri. Ni ya riga ya wuce ni, ke ce ta gaba. Kada ki aiko littafi, kada ki aiko yatsa, kada ki ce Mayu. Na shimfiɗa miki gado a ɗakin Tessa.

Ki gaishe da Dwight da karen.

Ƙanwarki, ko da shi ya manta,
Renee