Hannun Rigata Kaɗai Ya Fito a Mujalla

Assalamu alaikum jama'ar wannan gida. Admin a sakaya sunana. Don Allah ku ba ni shawara, abin nan ya fara hana ni jin daɗin tuwo.

Ni da aminina Bala tare muka taso a Talata Mafara tun ana ginin dam ɗin Bakolori, tare muka koyar a firamare, tare kuma muka ajiye aiki tun lokacinmu bai yi ba, muka koma noman rani a bakin kanal wajen Bakura. Ni ne ma na ja shi zuwa noman, da farko cewa yake na zautu. Gonata tana manne da tasa, kuma ba cika baki ba, shinkafata ta fi tasa kyau.

Kwanaki wata mujalla ta aiko za su yi hira da mu kan masu ritaya da wuri. Ni yadda aka rene ni, dattijo ba ya tsayawa gaban mai hoto da kayan aiki, sai na fiddo shaddata ta Sallah, ta sha guga, na kafa hula na fesa turare. Bala kuwa ya ma manta da ranar, a cikin taɓo suka same shi, wando naɗe har gwiwa. Ni na yi ta zuba bayani har maƙogwarona ya bushe, shi ban da dariya ba abin da ya tsinana. Da aka zo hoto, yarinyar da ke ɗauka ta ce mu shiga cikin shinkafa, ta nuna gonata don ta fi kore. To yaya zan shiga ruwa da shadda? Na tsaya a gefe ina tattare riga, Bala ya faɗa tsulum.

Mujalla ta fito. Ga Bala shafi guda cur a tsakiyar shinkafata yana washe baki, a ƙasa an rubuta wai yana gonarsa. Ni hannun rigata kaɗai ya leƙo daga gefe. Yanzu ko'ina sai nuna shi ake, yaran da muka koyar suna ta kiransa a waya, har matata ta kalli hoton ta ce ai Malam Bala ya yi kyau. Wallahi hassada nake ji, na sani, na yi istigfari amma ba ta tafi ba. In na hango shi sai in canza hanya.

Jiya sai ga shi da hoton an sa a gilashi, yana murna da zuciya ɗaya, ya ce, "Aboki, ga gonakka ta shiga duniya! Rataya shi ga zaure, in na taho Jumma'a in gani." Na karɓa na yi godiya, yana fita na kife shi a ƙarƙashin gado.

Jama'a, in rataya shi in riƙa gaisawa da baƙin cikina safe da yamma, ko in faɗa masa abin da ke raina, in ɓata wa mutumin da bai yi mini komai ba? Ku taimaka da wuri, jibi ce Jumma'a.