Tsamiyar Ƙofar Gida

Litinin, 3 ga Yuni
Shekarar da ambaliya ta tafi da gadar kasuwa na dasa tsamiyar ƙofar gidan nan. Kowa ya manta, ban da ni. Yau na ba babban ɗana izini a sare ta, shago zai gina a wurin. Mai gatari zai zo Asabar. Itace ne dai.

Talata, 4 ga Yuni
Autata ta kawo littafin waƙoƙi mai manyan baƙaƙe, wai in riƙa motsa idon da aka cire wa yana. Na ce, "Ni magini, da na koyi karatu a jikin buhun siminti, ina ni ina waƙa?" Ta ajiye ta yi tafiyarta.

Laraba, 5 ga Yuni
Na karanta ɗaya, da ƙyar. Wai tsamiya tana naɗe ganyenta in rana ta faɗi, kamar mai haɗa tafin hannu. Ƙarya! A gindinta na yi renon 'ya'yana, a gindinta na karɓi gaisuwar uwarsu. Da tana haka da na sani. Mai waƙar nan bai taɓa ganin tsamiya ba.

Alhamis, 6 ga Yuni
Innalillahi.

Da magariba na ɗaga kai don in ƙaryata shi. Ganyayen suna rufewa. Bibbiyu, a hankali, kowane ganye yana manne wa ɗan'uwansa. Butar hannuna ta suɓuce. Na ƙwala wa surukata kira, ta leƙo ta ce, "Baba, ai kullum haka take yi, yara ma sun sani."

Yara ma!

Ni da ake zuwa tambayata wace shekara aka haifi wane, wa ya ɗora wane bango. Ashe ƙasa nake kallo duk rayuwata. Tushe, bulo, kabari. Me kuma ya wuce ni a sama?

Juma'a, 7 ga Yuni
Ɗana ya shigo da igiyar awo, ya ce, "Baba, kar dai ka canza magana." Na ce a tambayi kowa, ban taɓa canza magana ba. Kuma ban canza ba.

Sai dai ban ga buɗewar ganyayen ba tukuna, waƙar ba ta kai nan ba. Gobe da asuba zan fitar da kujerata in jingina da gindinta in jira. In mai gatari ya zo ya tarar da ni zaune, to, ya nemi wuri ya zauna. Gwiwa ta tsufa, ba na miƙewa da sauri yanzu.