Makullin da Na Miƙa Maka da Hannu Biyu

Zuwa ga Kawu Bulus,

Bayan gaisuwa irin ta ɗa ga uba, cikin sunan Ubangijinmu, ina fatan inda kake akwai hutu. Ni ne Iliya, ɗan ƙanwarka Rahila. Shekara ɗaya da wata biyu ke nan da muka raka akwatin gawarka filin jirgin JFK, inda ka shafe shekaru kana jiran fasinja a tasinka. Ban taɓa rubuta maka ba sai yau, domin jiya aka sa ni na ɗaga hannu na yi rantsuwa a kanka, kuma ba ni da wanda zan ba labari sai kai da ka jawo.

Ba zan ci amanar alherinka ba. Kai ka aiko mini da takardu, kai ka ɗauko ni ranar da na sauka, a kujerar falonka na unguwar Morris Heights a Bronx na kwana wata takwas. Kai ka samo mini aiki a mashayar nan da ke ƙarƙashin gadar jirgin ƙasa, wajen wani tsohon Bature da kake yawan ɗauka. Ka ce in gaya wa Mama gidan abinci ne. Wannan ce ƙarya ta farko da muka yi tare, kuma a lokacin har daɗi na ji, wai ni da Kawu muna da sirri.

Da wankin tambulan na fara. Ranar da mai gidan ya tsayar da ni a kanta, teburin da ake zuba wa mutane giya, kafin ya nuna mini kwalba ko ɗaya sai da ya karanta mini doka. Ya ce a garin nan, in mutum ya bugu har ana gani, harshe ya yi nauyi, ƙafa ta fara gardama, ka kuma ƙara masa, to duk ɓarnar da ya je ya yi har da mashaya a ciki. Na riƙe wannan magana kamar ayar haddacewa. Ƙattin leburori masu aikin gini na hana. Wani ya zage ni har kakata, wani ya jefe ni da tokar sigari, ban zuba ba. Mai gidan yakan nuna ni ya ce bai taɓa samun mai taurin kai irina ba. Ka ga, Kawu, ba wai ban iya cewa a'a ba ne.

Sai wata Talata da rana ka shigo. Kai, dattijon ikilisiya, mai karanta sanarwa ran Lahadi, wanda ko lemun kwalba aka miƙa masa a biki sai ya duba takardar jikinsa. Ka zauna can ƙarshen kanta, ka ajiye hularka, ka ce, “Zuba mini abin nan da ke sa Turawa dariya, mu ma mu ji.” Na yi dariya na zuba. Yadda ka kora shi ba tare da ka yamutsa fuska ba, na gane ba ranar ka fara ba.

Daga nan ka maida wurin zango. Ka fita aiki tun asuba, ka tashi da azahar, ka biyo ta wajena kafin ka isa gida. In Anti Saratu, matarka, ta bugo waya tana cigiya, sai in ce ai layin tasi ya yi tsawo yau a filin jirgi. Ina faɗa kana zaune gabana kana ɗaga mini babban yatsa. Shekara uku muna haka.

Abin da ban sani ba sai bayan mutuwarka, lauya ne ya tono shi: mashaya biyu da suka fi kusa da gidanka sun daɗe da daina sayar maka. Sun kore ka, ɗaya har da jan kwala. Shi ya sa kake tsallake su ka zo wajena. Ni ina ta murna Kawu yana son ganina, ashe lissafi ka yi. Ka duba duk faɗin Bronx ka samo hannu ɗaya tak da ba zai iya janye maka kwalba ba, kuma kai da kanka ka ɗora shi a kan kwalbar. Wannan ne ya fi ci mini rai har yanzu.

Ranar Alhamis ɗin nan ta ƙarshe ka shigo wajen ƙarfe biyu, tun daga ƙofa na ji warin abin da ka riga ka sha a mota. Na zuba na farko, na zuba na biyu. A na uku na tattara duk ƙarfin halina na ce ko in kawo maka ruwa tukuna. Ka ɗago jajayen idanunka ka ce, “Iliya, ni kake wa warning? Ni da na ɗauko ka daga airport?” Na sunkuyar da kai. Na zuba na ukun, na zuba na huɗu.

Da ka tashi tafiya, kujera ta faɗi. Da wani ne, da na karɓe makullinsa na kira masa mota, na sha yin haka. Amma kai babba ne, kuma a gidanmu ba a barin babba ya fita shi kaɗai. Na cire ƙyallen aiki na yi maka rakiya. Na riƙe maka hula, na tallabe gwiwar hannunka yadda mutanen titi za su ɗauka hira muke. A bakin mota makulli ya suɓuce maka ya faɗa gefen kwata. Ka tsaya kana kallonsa, ba ka iya sunkuyawa. Na durƙusa na ɗauko, na goge shi a wandona, na miƙa maka da hannu biyu kamar yadda aka koya mini. Na buɗe maka ƙofa, na rufe, na ce Allah ya kiyaye hanya.

Ban gama wanke tambulan ɗinka ba na ji jiniya. Ginshiƙin ƙarfen gadar jirgi ka daka, daidai lokacin tashin 'yan makaranta. Allah ya tsare 'ya'yan mutane, ba kai ba, ba ni ba.

A coci aka ce gajiya ce. Fasto ya yi wa'azi a kan mutumin da ya kashe kansa da aiki saboda iyali, mata suka yi ta kuka, ni ma na yi, ina cikin masu ɗaukar akwati. Takardar likita ce kaɗai ba ta san rufin asiri ba.

Ka bar wa Anti yara uku da aikin jinyar tsofaffi a gidajen mutane, ta fita kafin su tashi, ta dawo ƙafa a kumbure. Wata abokiyar aikinta ta kai ta wajen lauya. Ya ce mata wanda ya sha ba shi da bakin kai mashaya ƙara, amma 'ya'yan da ya bari suna da shi, in har an samu mai shaida cewa an zuba masa alhali buguwarsa a fili take. A kanta kuwa ranar ba kowa sai ni.

Sai kowa ya kama ni ta gefensa. Mai gidan ya ja ni ɗakin ajiya ya ce in ce lafiya ƙalau ka fita, da ƙafarka, wanda ba ƙarya ba ne gaba ɗaya. Mama ta aiko da kaset daga Kafanchan ta hannun wani matafiyi, rabinsa kuka ne, rabi roƙo: kada in tona asirin yayanta a gaban Turawa, a ƙauye har an sa wa jariri sunanka. Anti kuma ta kira ni gida, ta tuƙa mini tuwo da miyar kuka, ta zauna tana kallona ina ci. Ta ce, “Iliya, ba na neman ka ƙara komai. Abin da ka gani kawai.” Ita a zatonta iyakar laifina zubawa.

Wata da watanni ina jin lauyoyi biyu suna ja-in-ja a kanka. Na mashaya ya ce kai ba yaro ba ne, ka haura hamsin, ba wanda ya ɗaure ka ya ɗura maka, kai ka zaɓi ka sha, kai ka zaɓi ka tuƙa. Na Anti ya ce wanda ya bugu ya riga ya rasa zaɓi, saura mai hankalin da ke riƙe da kwalba. In na saurari wannan in ga gaskiyarsa, in na saurari wancan ma haka. Sai dai kowanne ya gama magana, ni ake juyowa a kalla. Kai ka sha, kai ka tuƙa, amma kai kaɗai ne ba a aika wa sammaci ba. Ka iya zamewa, Kawu, ko a da haka kake, in aka zo wankin mota sai waya ta kira ka.

Jiya aka tara mu a wani ofishi a hawa na sama can Manhattan, dogon tebur, wata mata tana buga duk abin da aka faɗa. Anti tana zaune daura da ni da baƙin ɗankwali. Lauyanta ya tambaye ni nawa na zuba, na ce huɗu. Ya tambayi idanunka, harshenka, kujerar da ta faɗi, na faɗa. Anti tana gyaɗa kai a hankali, har na ga kamar tausayina take ji.

Sai lauyan mashaya ya karɓa. Yana so ya nuna da ƙafarka ka fita, don haka ya tambaya ko akwai wanda ya ga shigarka mota. Zan iya cewa ban gani ba, Kawu. Babu wanda ya sani sai ni da kai, kai kuma ba ka magana. Amma na riga na ɗora hannu a kan Littafi, kuma na gaji da ɗaukar maka kaya. Na faɗi rakiyar, na faɗi kwatar, na faɗi hannu biyun.

Ya cire tabarau ya tambaye ni dalili. Na ce yayan mahaifiyata ne. Ya ce ba dangantaka ya tambaya ba, dalili ya tambaya. Na sake cewa yayan mahaifiyata ne. Ya kalli ɗan'uwansa lauya, matar ta buga abin da na faɗa, aka wuce tambaya ta gaba. Ban kalli Anti ba, amma na lura ta daina gyaɗa kai.

Da aka tashi, lauyanta ya kama hannuna yana girgizawa, ya ce shaidata ta gama shari'ar, yara za su samu haƙƙinsu. Aikina kuwa tun a ɗakin na san ya tafi, mai gidan ko kallona bai yi ba. Wannan bai dame ni ba. Na bi Anti har tashar jirgi, muka tsaya a dandamali. Da jirgin ya taho, ta ce, ba tare da ta ɗaga murya ba, “Na gode, ka taimaki yarana. Amma makullin a hannunka yake, Iliya. Kada ka ƙara taka mini gida.” Ta shiga, ni na tsaya.

Jibi za a yi wa Talatu, babbar 'yarka, baftisma. Ni na koya mata amsoshin, ni na saya mata farin takalmi. Ba zan je ba. Mama ma za ta ji, domin labari daga Bronx zuwa Kafanchan ba ya kwana biyu a hanya, kuma ban san da bakin da zan yi mata bayani ba.

Ina jin haushinka, Kawu, haushi mai yawa, kuma ina kewarka, abin da ya fi ba ni haushi ke nan. Ɗazu na tuna lokacin da zazzaɓi ya kwantar da ni a shekarata ta farko. Ka ajiye tasi yini guda, ka dama mini kunu mai gudaji wanda ko kare ba zai sha ba, ka zauna a ƙasa kana rera mini waƙoƙin coci da muryar nan taka da mawaƙa suka roƙe ka ka daina taya su. Na sha kunun duka. Mutumin nan nake nema in gaya wa abin da ɗayan, mai zama ƙarshen kanta, ya yi mini.

Allah ya gafarta maka, ya ba ka hutun da ka hana mu. Ni tawa gafarar ba ta nuna ba tukuna, ba zan yi maka ƙarya ba, na yi maka isassu. Allah ya sanyaya zuciyar Anti ko da ba a kaina ba. Allah ya raya Talatu da ƙannenta, kuma duk ranar da ɗayansu ya tsaya a bakin mota yana tangaɗi, Allah ya haɗa shi da marar kunya.

Ɗanka mai ladabi,
Iliya